Gajiyar Ƙarfe a Gidan Ƙanƙara

Hantsi bai gama ɗagawa ba aka bugo waya ofishin 'yan sanda, aka ce ƙugiyar ɗaukar kaya ta tsinke a gidan ƙanƙara na bayan kasuwar kifi, kaya sun faɗo wa mai wurin.

Sufeto ya ture kofin shayinsa, ya ce wa Sajan ya fito da mota.

Sun tarar an kashe injuna. Ba ka jin komai sai ɗigar ruwa. A tsakiyar ɗakin akwai ƙatuwar kwatarniyar siminti cike da ruwan gishiri mai sanyi, inda ake jera dogayen gwangwanaye har ruwan cikinsu ya daskare. A sama kuma injin ƙugiya ne da ke tsamo su. Yanzu igiyarsa ta zube ƙasa, gangar da take naɗuwa a kai ta karkace.

An lulluɓe gawar mai wurin, Mai Ƙanƙara, da tamfol. Takalminsa na roba guda ɗaya na can gefe cikin ɓaraguzan ƙanƙara.

"Wa ke kula da injin nan?" in ji Sufeto.

Wani saurayi mai gilashi ya matso. Babban ɗan mamacin ne, kowa a wurin Injiniya yake ce masa.

"Ni ne, yallaɓai. Ni na tsara shi."

"Allah ya jiƙan mahaifinka. Me ya tsinke?"

"Shaf, wato sandar ƙarfen da ke juya ganga. Kaya ne suka yi mata yawa. Baba ba ya jin magana in kasuwa ta buɗe."

Ya faɗi haka yana kallon ƙasa.

Sufeto ya ja mai tuƙa ƙugiyar gefe. 

"Gwangwani nawa ka ɗauko?"

"Rabin layi, yallaɓai. Wallahi rabin layi. Tun kwanakin baya Injiniya ya hana mu ɗaukar cikakke, ya ce kuma kada kowa ya tsaya a ƙarƙashi."

"To me ya kai maigida ƙarƙashi?"

"Wa zai gaya masa inda zai tsaya a cikin gidansa? Wani gwangwani ne ke yoyo, ya shiga ya duba."

Sajan ya hau tsani ya sauko da guntun sandar. Sufeto ya juya shi a hannu. Duk injin fentinsa ya koɗe, amma daidai bakin karayar shuɗin fenti ne sabo fil.

Washegari suka kai guntun ɗakin gwajin ƙarafa. Wata Dakta ce ke riƙe da wurin, mace mai furfura da ba ta ɓata magana. Sajan ya raɗa wa Sufeto cewa bai taɓa sanin ƙarfe ma yana da likita ba.

"Yana da shi," in ji ta, ba ta ko ɗago ba. "Sai dai marasa lafiyata ba sa zuwa sai sun mutu."

Ta sa guntun a ƙarƙashin fitila, ta kira Sufeto.

"Dubi fuskar karayar. Ka ga nan santsi, da layuka a jere kamar shatin da ruwa ke bari a bakin rafi? Tsaga ce take ci a hankali, tana tsayawa, tana ci gaba. Ka ga wannan ɗan wurin mai kaushi? Shi kaɗai ya rage yana riƙe da kaya ranar da abin ya faru. Da nauyi ne ya yi yawa, wurin mai kaushi ne zai fi girma."

"Kenan ba lodi ya karya ta ba?"

"Gajiya ce."

"Ƙarfe yana gajiya?"

Ta ɗauko 'yar waya ta miƙa masa. "Ja ta da ƙarfinka."

Ya ja, ba ta ko motsa ba.

"Yanzu lanƙwasa ta, ka miƙe, ka sake lanƙwasawa."

Bai daɗe yana yi ba wayar ta rabu biyu a hannunsa.

"Haka sandar nan take rayuwa," in ji Dakta. "Kaya na rataye, ita tana juyawa. Duk juyi ɗaya, kowane gefenta sai an ja shi an kuma matse shi. Safe da yamma, shekara da shekaru. Kuma gajiyar ƙarfe ba irin tamu ba ce, hutu ba ya warkar da ita."

"Wanda ya tsara ta bai san da haka ba?"

"Na auna kaurinta, na yi lissafi. Ya ba ta rarar ƙarfi ninki huɗu, wato za ta ɗauki kaya huɗu irin wanda ake ɗora mata kafin ta karye. Lissafin daidai ne, in a ajiye take ba ta motsi. Amma ƙarfen da ke juyawa da kaya, rabin ƙarfinsa kawai za ka dogara da shi. Huɗu ya koma biyu. Sannan dubi nan, inda kauri ya sauka zuwa siriri. An yanke shi da kusurwa mai kaifi maimakon a zagaye shi, duk wahalar sai ta taru a nan. Ga kuma ruwan gishiri yana cin ta. In ka cire wannan da wancan, ba sauran rara. A bakin rami take tun ranar da aka ɗaura ta."

"Kuskure ne kenan, ba laifi ba."

"Zuwa nan kuskure ne. Ɗalibaina da yawa sun taɓa yin sa a takarda." Ta ɗauki wuƙa ta kankare sabon fentin. "Wannan kuma ba kuskure ba ne."

Ƙarƙashin fentin, walda ce ta zagaye wuyan sandar, duk ƙuraje da ramuka.

"Wani ya ga tsagar, ya rufe bakinta da walda, ya shafe da fenti. Cikin na nan a tsage. Zafin waldar ma ƙara lalata ƙarfen ya yi. Kuma wanda ya yi ta ba sana'arsa ba ce."

Mai walda ɗaya ne a gidan ƙanƙarar, dattijo, ƙanin matar mamacin. Ma'aikata duk Kawu suke ce masa saboda haka Injiniya ke kiransa. Sufeto ya same shi a rumfarsa yana zaune, bai kunna komai ba.

Ko gama tambaya Sufeto bai yi ba, dattijon ya miƙo hannuwansa biyu.

"Ni na yi. Na ga tsaga, na ɗinke, na yi shiru. Ku tafi da ni."

Sufeto ya dubi ƙofar rumfar da teburin aikin. Duk waldar da ke jikinsu a jere take sumul kamar kitso.

"Aikinka ne wannan?"

"Nawa ne."

"To a ina ka ɗinke sandar?"

"A... tsakiya. Ƙarƙashin ganga."

"Da wane fenti ka rufe?"

"Baƙi."

Sufeto ya zauna kusa da shi a kan benci.

"Baba, ba a tsakiya take ba, fentin kuma ba baƙi ba ne. Wa kake tarewa?"

Dattijon ya sunkuyar da kai. Hawaye ya bi ta cikin gemunsa.

"Yayata ta rasa miji jiya," ya ce. "Ni na tsufa, ba wanda ke jirana a gida. Me zai ragu in kun rubuta sunana?"

"Gaskiya za ta ragu," in ji Sufeto a hankali. Ya tashi.

Gidan mamacin cike yake da masu gaisuwa. Aka shigar da Sufeto wani ƙaramin falo. A bango ga hoton Mai Ƙanƙara ya rungumo ɗansa ranar kammala jami'a, yana dariya har ana ganin giɓinsa.

Uwar Injiniya ta zauna a gefen kujera, idanunta sun kumbura.

"Mama, ɗanki yana taɓa walda?"

"Bai taɓa ba. Shi ɗan biro ne. Ubansa bai yarda ko guduma ya ɗauka ba."

Matar Injiniya ta shigo da ruwa, da tsohon ciki, tana tafiya da ƙyar.

"Sannu, amarya. Maigidan naki lafiyarsa ƙalau kwanan nan?"

"Lafiya lau, sai ciwon idon da ya yi."

"Wane iri?"

"Wata ranar hutu ce ya ce zai leƙa wurin aiki. Da ya dawo, idanun suka yi jawur, yana ta hawaye, ya ce kamar an zuba masa yashi. Ko fitila ba ya son gani. Ni na riƙa ɗiga masa magani."

"Ke, je ki ciki!" uwar ta katse ta.

Sufeto ya san ciwon. Wanda ya kalli wutar walda ba tare da gilashin kariya ba, shi yake kwana da shi.

Da Sufeto ya fito, Sajan na tsaye bayan motar Injiniya, ya sa an buɗe but. A ciki, naɗe da buhu, sabuwar sanda ce tana ƙyallin mai. Ta fi ta farko kauri, wuyanta kuma a zagaye yake sumul, babu kusurwa.

Aka kira Injiniya. Yana ganin buhun a buɗe ya jingina da motar.

"Ka ce min kaya ne suka yi yawa," in ji Sufeto. "Rabin layi aka ɗauka, kai ka ba da umarnin. Ka ce wa ma'aikata kada su tsaya a ƙarƙashi. Ka sa an yanko sabuwar sanda, an gyara daidai wurin da waccan ta karye. Mutumin da bai san da tsaga ba, ba ya yin haka. Kawunka kuma yana can yana roƙona in ɗaure shi a madadinka."

"Kawu?" Muryarsa ta karye. "Kawu bai san komai ba. Ku ƙyale shi."

"To faɗa min."

Ya cire gilashinsa, ya riƙe a hannu.

"Aikina na farko ne bayan na gama karatu. Tsohon injin yana da nawa, na ce wa Baba zan yi masa wanda ya fi shi sauri. Na yi lissafi na samu ninki huɗu, na ɗauka na gama. Ban sa juyi a lissafin ba. An koya mana, yallaɓai, ba wai ba a koya mana ba. Ɗoki ne ya rufe min ido."

"Yaushe ka gane?"

"Ina sa mai na ga siririn layin tsatsa a wuyanta. Na koma na sake lissafin, sai jikina ya yi sanyi. Na tafi ofishin Baba in gaya masa a tsayar da aiki. Na tarar yana da baƙi. Yana ganina ya kamo hannuna, ya ce musu, 'Ga wanda ya yi injin can. Ni ban yi aji ko ɗaya ba, amma ku dubi abin da na haifa.' Ya ja su har ƙarƙashin ƙugiyar yana nuna musu."

Sannan ya ci gaba.

"Na buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Duk wanda ya shigo gidan nan sai ya nuna masa injin. Na ce bari in rufe tsagar ta ɗan riƙe, in sa a yi sabuwa, in canja ranar hutu, ba wanda zai sani. Na san walda ba ta maganin gajiya. Na sani sarai. Na rage kaya, na kori kowa daga ƙarƙashi. Shi kaɗai ne ban iya korar ba, don sai ya tambaye ni dalili."

"Yaushe ka karɓo sabuwar?"

"Ana gobe abin zai faru. Hutun nan mai zuwa zan ɗaura ta." Ya dubi Sufeto. "Kunyar minti ɗaya na guje wa. Da na faɗa, zagina kawai zai yi, ya yi fushi, zuwa yamma ya kira ni mu ci abinci."

Sufeto ya dube shi. A aikinsa ya kama mutane da yawa, kaɗan ne ya ji nauyin kamawa irin wannan.

"Kuskuren lissafi ba shi ya kawo ni ba," ya ce. "Ka ga haɗari ka ɓoye shi, rai ya salwanta. Dole ka bi mu ofis."

Sajan ya lalubo ankwa. Sufeto ya girgiza masa kai, sai Sajan ya mayar.

Masu gaisuwa suka dare. Uwar na tsaye a bakin ƙofa, ta ji komai. Matar Injiniya na bayanta, ta toshe baki da mayafi.

Injiniya ya je ya durƙusa a gaban uwar.

"Mama..."

Ba ta dube shi ba. Ta daɗe tana kallon saman kansa, leɓɓanta na motsi ba sauti. Can ta ɗora hannu a kansa, ta ɗauke da sauri kamar ta taɓa wuta.

Sajan ya kama kafaɗarsa ya tashe shi, suka nufi mota. Har an buɗe ƙofa, sai ga uwar ta biyo su ba takalmi.

"Yallaɓai."

Sufeto ya juyo.

"Tun yana ƙarami ba ya jure sanyi. In dare ya yi, a taimaka a ba shi bargo."

"Za a ba shi, Mama."

Ta gyaɗa kai, ta koma ciki wurin masu yi mata gaisuwar mijinta.