Sai Ya Ga Hannunta a Sama

"Ba zan danna ba."

'Yar Baba ta ajiye robar ruwan da ke hannunta, ta dube shi. Suna zaune a bayan rumfar tikiti, inda ma'aikatan filin wasan suke hutun rana, ihun masu hawa lilo yana iso musu sama-sama.

"Me ka ce?"

"Kin ji ni. Idan Baba ya zauna a kujerar nan gobe, ba zan danna maɓallin ba."

Direba ake ce masa, duk da ko keke bai iya tuƙawa da kyau ba. Aikinsa ya zauna a ɗan ɗakin gilashi ya danna maɓallin da ke tayar da Maciji, wato jirgin lilon nan mai hawa layin ƙarfe har mutanen ƙasa su koma kamar tururuwa, sannan ya sako kai ƙasa ya yi ta juyi da mutum. Ita kuwa takan bi kujerun ɗaya bayan ɗaya, ta danne ƙarfen da ke riƙe cinyar mai hawa, ta jijjiga shi ta tabbata ya kama, in ta gama ta koma gefe ta ɗaga hannu. Dokar wurin ke nan, ba ya dannawa sai ya ga hannunta a sama. A garin kallon hannun nan soyayya ta shiga tsakaninsu, har ta kai Baba, mahaifinta, ya ce ya turo magabatansa.

"Sirri na faɗa maka," ta ce. "Ina kuka na faɗa maka... ba don ka tare ni da shi ba."

"Masoyiyata, allon gargaɗin yana nan a bakin layi. Ke kike goge shi kullum da safe. Mai ciwon zuciya ba ya hawa."

"Allon bai san Baba ba."

"Ni na san shi. Shi ya sa."

"In ka kunyata shi a gaban mutane, magana ta ƙare tsakaninmu. Ka san halinsa."

Direba ya miƙe, ya buɗe loka, ɗan akwatin ajiyar kayansa, ya jefa wayarsa ciki, don ba a yarda ma'aikaci ya shiga bakin aiki da waya ba. Ya daɗe yana murɗa ɗan makullin.

"Gara ya tsane ni yana raye," ya ce, ya wuce.

Abin da ya kawo wannan rigima tsohuwar al'ada ce ta gidan su 'Yar Baba. A ƙofar Maciji akwai allo mai jan layi, yaron da kansa bai kai layin ba ba ya hawa. Duk ɗan da Baba ya haifa, ranar da ya kai layin nan Baba zai rufe shagon ɗinkinsa, ya kawo shi da kansa, su zauna a kujerar gaba. In sun kai can ƙololuwa sai ya saki ƙarfe ya ɗaga hannuwa yana ihu, dattijo da furfurarsa, ko kunya babu. Ya yi da ita, ya yi da ƙannenta maza biyu da yanzu karatu ya kai su nesa. Saura Auta, wadda ba ta san mahaifiyarsu ba sai a hoto.

Auta kuwa gajeruwa ce, Allah ya yi ta. Shekara da shekaru tana zuwa ta jingina da allon, ta yi ɗage, ta tara gashi a tsakiyar kai, yayarta ta danne gashin ta ce da saura. Sai makon jiya kanta ya taɓa layin, ƙafafunta a ƙasa ɗam. Amma kafin nan likita ya riga ya gaya wa Baba zuciyarsa ta gaji, ban da hawa bene, ban da firgita. 'Yar Baba kaɗai ke cikin ɗakin a ranar, Baba ya sa ta yi alkawarin ba mai ji.

Da yamma ta sami Baba a shago yana kafa maɓallan sabuwar rigar Auta.

"Baba, da ka bari ni na hau da ita..."

Bai ɗago ba. "Uwata, likita ya gama maganarsa. Ko na hau ko ban hau ba, tafiyar tana nan. Yarinyar nan tun tana rarrafe nake ce mata ranar tana zuwa. In na tafi ban cika mata ba, da wane ido zan dubi mahaifiyarku?"

"Ina jin tsoro, Baba."

"Ni ma ina ji." Ya tsinke zaren da haƙori. "Ban taɓa roƙonki komai ba. Ki ɗaga min hannunki gobe, shi ke nan."

Washegari filin ya cika. Lilon dawakai yana ta kiɗansa, yara suna jan iyaye, ƙanshin gugguru ya cika ko'ina. Daga kan dandamali ta hango su suna hawo matattakala, Auta a gaba tana tsalle cikin sabuwar riga, Baba a baya. A tsakiyar hanya ya tsaya ya duƙa kamar mai gyara takalmi. Takalmin lafiyarsa ƙalau, ita ta sani.

Suka zauna a kujerar gaba. Ta danne ƙarfen Auta ta jijjiga. Da ta zo kan nasa sai ta ji numfashinsa yana fita da ƙyar, goshinsa ya jiƙe.

"Ya kama?" ya tambaya yana murmushi.

"Ya kama, Baba."

"To je ki."

Ta bi sauran kujerun ba ta ma ganin fuskokin mutane. Ta koma gefe. Ta cikin gilashi Direba yana kallonta, yana girgiza kai a hankali. Ta dubi Baba, ta dubi Auta da ta runtse ido tana dariya tun kafin a tashi.

Ta ɗaga hannun. Mai zaginta ya zage ta, amma wanda bai taɓa ganin mahaifinsa yana roƙonsa da ido ba, gara ya yi shiru.

Jirgin bai motsa ba.

Hannunta yana sama har kafaɗarta ta fara ciwo. Mutane suka fara ƙorafi. Wani daga baya ya ce ko injin ne ya lalace, wata ta ce a buɗe su in ba za a tashi ba. Sai ƙofar ɗakin gilashin ta buɗe, Direba ya fito, ya zo ya durƙusa a gefen kujerar gaba, ya kai bakinsa kunnen Baba. Ba wanda ya ji abin da ya faɗa. Ita dai ta ga murmushin Baba ya ɗauke, ya juya ya daɗe yana kallon Auta.

"Buɗe min ƙarfen nan," ya ce.

"Baba, na kai layin fa," Auta ta ce, ta riƙe hannun rigarsa. "Wallahi ban yi ɗage ba. Yaya, gaya masa."

"Na sani, Auta. Kin kai. Ni ne ba zan iya ba."

Ya sauko a bainar jama'a, layin mutane yana buɗa masa hanya, wasu suna ƙus-ƙus wai tsoho ya ji tsoro. 'Yar Baba ta bi su har ƙasan matattakala. A nan ya juyo, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Ke kika faɗa masa."

"Baba, ka yi haƙuri, ni..."

"Muddin ina numfashi, yaron nan ba zai taka min gida ba."

Haka aka yi kuwa. Direba ya je shago ya durƙusa, Baba ya ci gaba da taka kekensa kamar ba mutum a wurin. Ya sake komawa, aka sake yi masa haka. A wurin aiki tana ɗaga hannu yana dannawa, daga safe har a tashi, ko gaisuwar kirki babu. Tana son sa, wannan ba ta taɓa musu ba, tana kuma jin haushinsa har cikin ƙashinta. Sau ɗaya ta tare shi a gaban loka.

"Me ka raɗa masa?"

"Tsakanina da shi ne, rabin raina."

"Kada ka ƙara kirana haka. Ka hana shi cika alkawari, ka hana kanka ni. Me ka samu?"

"Yana raye."

"Yana zaune dai," ta ce. "Je ka gan shi."

Gaskiya ta faɗa. Baba ya daina wasa da masu kawo ɗinki, ya daina tsokanar Auta. Ita ma Auta ba ta ƙara zancen Maciji ba, rigar ma ta cusa ta can ƙasan akwati. Kafin damina ta wuce, keken ɗinkin ya gagare shi takawa, daga nan sai gadon asibiti.

Ranar wata Asabar da hantsi, Auta ta yi barci a kan kujera da kanta a gefen katifarsa. Baba yana shafa gashinta da hannun da aka sa wa ƙarin ruwa.

"Uwata... kin san abin da yaron nan ya ce min?"

'Yar Baba ta matso kusa da shi. Ta girgiza kai.

"Ya ce, Baba, in abin ya same ka a sama, ba ni da ikon tsayar da jirgin a tsakiyar hanya. Sai ya gama zagayensa. Auta za ta ƙarasa shi a ɗaure kusa da kai, tana kiranka ba ka amsawa." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Ni kaina kawai na tuna. Ke kuma ni kika tuna. Shi kaɗai ya tuna da ita."

Hawaye suka zubo mata. Ta tuna hannunta a sama, ta ji kamar ta cire shi ta yar.

"To me ya sa ka kore shi, Baba?"

"Don gaskiya ya faɗa. A gaban 'ya'yana." Ya rufe ido. "Kira min shi."

"Ka yafe masa?"

"Ki kira shi dai. Da bakina zan gaya masa."

Ta fita baranda ta kira lambarsa. Wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta sake kira, ta sake. Sai a lokacin ta tuna Asabar ce, filin a cike yake, wayar tana cikin loka tana ƙara ita kaɗai. Ta kira abokan aikinsu, wayoyinsu su ma duk suna cikin loka. Ta kira ofis, ba kowa a kan tebur. Ta yi tunanin ta ruga ta ɗauko shi, ta kai bakin matattakala ke nan ta ji muryar Auta daga ɗaki tana kiran Baba, tana ƙara kira.

Rana ta kusa faɗuwa Direba ya iso, bayan ya tashi aiki ya ga kiranta, da rigar aiki a jikinsa, yana haki. Ya same ta a kan bencin baranda, Auta ta kifa kai a cinyarta. Ta ƙofar da aka bari a buɗe ya hango gadon, an ja mayafi har sama. Ya zame ya zauna a ƙasa.

'Yar Baba ta dube shi.

"Ya ce a kira ka," ta ce.

Ya ɗago da sauri. "Ni? Me ya ce?"

"Ya ce da bakinsa zai gaya maka."

"Amma ya yafe? Don Allah... ko alama bai nuna ba?"

"Ban sani ba." Kukan ya ƙwace mata. "Na tambaye shi, bai amsa ba. Ya gaya min abin da ka raɗa masa. Kai ne mai gaskiya, ni ce na ɗaga hannu da ƙanwata a kujerar. Hukuncinsa na ƙarshe a kanka da na ji da kunnena shi ne kada ka taka masa gida muddin yana numfashi. Yanzu ya daina numfashi, sai na ce hanya ta buɗe? Sai na yi murna?"

Direba ya share fuska da hannun riga, ya miƙe.

"Ba zan matsa miki ba," ya ce a hankali. "Kin san yadda nake aiki. Ba na motsi sai na gani daga gare ki."

Ya bi dogon barandan yana jan ƙafa. Da ya kai ƙofar gilashin da ke ƙarshe sai ya tsaya a bayanta, ya juyo. Ba fuskarta yake kallo ba, ta san inda idonsa yake.

Auta ta motsa cikin kuka, ta laluba ta kamo hannun yayarta na dama, ta rungume shi a ƙirji da hannu bibbiyu. 'Yar Baba ba ta zare shi ba.

Yana tsaye yana jira har aka kunna fitilun baranda. Hannun bai tashi ba.