Motar da Ta Je Zance

Ranar da Mas'ud ya fara ganin Lailatu, gumi yake yi kamar wanda ya taso daga sussuka, kuma ba shi da gaskiya ko kaɗan.

Kwanansa tara ke nan a Talata Mafara. Daga Birnin Tudu aka turo shi aikin malamin gona a wajen madatsar ruwan Bakolori, ya zo da 'yar tsohuwar motarsa ruwan toka. A hanyar garinsu ya koyi tuƙi, inda in ka ga abin da ya tare ka, to jaki ne ko garken shanu. Ɗakin da ya kama kuwa yana cikin wani lungu da ko amalanke sai an karkata ta take shiga, don haka kullum da ciwon kan inda zai ajiye mota yake kwana.

Da safiyar Talatar nan ya fito zai tafi aiki, bai san mutanen gari ba sa fito da mota ranar kasuwa ba sai dole. Manyan motocin albasa sun cika titi, 'yan kabu-kabu suna kutsawa ta hagu da dama, wani raƙumi ya zuro kai yana leƙen tagarsa. Da ya ga awa ɗaya ta wuce bai yi taku ashirin ba, sai ya karya kan mota ya shiga wani layi. Nan ya hango darbejiya mai inuwa, ƙarƙashinta an share tas. Ya yi fakin, ya hau kabu-kabu, yana ta yi wa kansa kirarin wayo. Bai tsaya ya tambayi kansa dalilin sharar ba.

Bayan La'asar ya dawo ya tarar da dattawa kusan goma a jikin bango, cikin rana, kowa da littafinsa, ga motarsa kwance cikin inuwa tana hutawa. A ƙofar zaure wata budurwa ce tsaye da kwanon ruwa, cikin hijabi ruwan goro.

"Kai ad da motagga?" ta tambaye shi.

"Ni ne," ya ce, murya a ƙasa.

"Sannu da ƙoƙari. Shekara talatin Baba na karantarwa ƙarƙashin iccen nan, ba wanda yat taɓa tada shi sai kai."

Ba da faɗa ta yi maganar ba. Dariya ce ma take son kuɓuce mata, ta danne ta da bakin hijabi. Mas'ud ya so ƙasa ta tsage ya shige, amma kuma bai so ya daina kallonta ba.

Ya cire takalmi ya durƙusa gaban mahaifinta, Malam Hamidu, ya yi gaisuwa mai tsawo, ya nemi gafara.

"Baƙo ne kai, na gani," in ji Malam. "Amma matambayi ba ya ɓata, ɗana. Ɗauke ta, Allah shi kyauta gaba."

Washegari Mas'ud ya dawo da kwandon tumatir da albasa don ban haƙuri. Rana ta uku ya dawo da littafi, wai yana son ya riƙa ɗaukar karatu. Karatun dai ana yi, amma duk wanda ya lura zai ga idon ɗalibin ya fi zama a ƙofar zaure. Kafin wata ya cika ya nemi izinin magana da Lailatu, Malam ya ce ya ba shi, sai dai zai yi nasa binciken kafin a je ko'ina.

Lailatu malamar firamare ce, ta san garin kamar tafin hannunta, sai ta ɗauki nauyin koya masa hanya. Kowace safiya saƙonta ne yake tashinsa.

"Barka da asuba, Direbana. Yau kada ka bi ta tasha, an ce tirela ta lalace a can. Ka zaga ta bayan makarantarmu. Ka yi karin kumallo kafin ka fita, na san halinka."

Shi kuma ya mayar: "Na ji, Fitilata. In ba ke ba da tuni na sayar da motar nan na sayi jaki. Allah ya bar mini ke."

Zancen wurin fakin kuwa, Mas'ud ya ɗauka ya gama da shi. Layi biyu daga ɗakinsa akwai gidan wani ɗan kasuwa, Alhaji Maiwada, mai faffaɗan fili a ƙofa. Wannan karon bai yi garaje ba, ya je ya yi sallama ya roƙi arziki a bar shi ya riƙa ajiye mota. Alhaji ya dube shi sama da ƙasa, ya tambayi aikinsa da asalinsa, ya ji ba shi da aure, sai ya washe baki.

"Gidanka ne, ɗana. Ajiye ta duk sadda kaka so."

Daga ranar, kullum da yamma motar tana ƙofar gidan Alhaji Maiwada. Mas'ud zai tsaya ya goge ta, sai a aiko Surayya, 'yar Alhaji, da kwanon fura. Ta ajiye ba ta ko ɗaga kai, ya sha ya yi godiya, yana cewa a ransa mutanen Mafara akwai karamci. Daga nan ya taka da ƙafa zuwa wurin Lailatu, don ya rantse motarsa ba za ta sake kusantar layin Malam ba.

Abin da bawan Allah bai sani ba shi ne, a unguwar nan ba a tambayar saurayi inda yake zance. Inda motarsa take tsayawa da yamma ake dubawa.

Wata biyu ana haka. Wata ranar Alhamis yana tsakiyar gonar shinkafa wayarsa ta yi ƙara.

"Mas'ud, ashe ƙofa biyu gare ka. Gari duka ya sani sai ni, ni da nake koya maka hanya. Kada ka zo yau. Baba yana nemanka gobe bayan Juma'a."

Babu Direbana, babu komai. Ya kira ta sau bakwai ba ta ɗauka ba. Ya zauna a bakin kwalbati yana karanta saƙon yana maimaitawa, ya rasa laifin da ya yi.

Bayan Juma'a ya sami Malam Hamidu shi kaɗai a zaure. Aka gaisa, aka tambayi gida da aiki da gajiya, sannan Malam ya rufe littafin da ke gabansa.

"Na ce maka zan yi bincike, na kuwa yi. Na tahi wurin Alhaji Maiwada da kaina. Ya ce mini magabatanka shika jira."

"Magabatana? Allah gafarta Malam, na mi?"

"Na neman auren Surayya."

Mas'ud ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. Ya rantse da girman Allah wurin ajiye mota kawai ya roƙa, ko sunan yarinyar sai daga baya ya sani. Ya faɗi ƙuncin lungunsa, ya faɗi komai.

Malam ya bar shi ya gama.

"Na yarda da kai. Wanda ya ajiye mota wurin karatuna zai iya wannan ma. Amma ka ji abin da kay yi. Akwai wani yaro tela, Sadi, shekara guda shina neman yarinyar. Da yag ga motarka kullum ƙohwar gidan, ya janye. Yau Surayya ba ta da shi, ba ta da kai, kuma gobe in ka auri ɗiyata cewa za a yi an gan ta an hwasa. Ba ni ba ka tawa bisa hawayen ta wani. Tahi ka gyara."

"In bai gyaru ba fa, Malam?"

"To ba rabonka ba ce."

A ranar ya kai motar harabar wurin aikinsu ya bar ta can. Sannan ya nufi gidan Alhaji Maiwada a ƙafa, ya durƙusa ya faɗi gaskiya. Alhaji ya yi faɗa har da tashi tsaye, ya ce an sha masa fura wata biyu an mayar da shi abin dariya. Mas'ud bai ɗaga kai ba, don ya san duk abin da aka faɗa masa ya cancanta. Da Alhaji ya huce, sai ya ce shi ma da nasa laifin, da ya tambaya tun farko.

Sadi ne ya fi wuya. Shagonsa yana cikin kasuwa, kuma da Mas'ud ya yi sallama, ciki-ciki ya amsa, ya ci gaba da taka keken ɗinki kamar da shi yake faɗa. Mas'ud ya zauna kan benci ya yi bayaninsa, ƙarar keke tana cinye rabi. Sadi bai ko tsayar da keken ba. Washegari Mas'ud ya koma, haka. Rana ta uku Sadi ya tsayar da keken.

"Malam, mi kaka nema gare ni? Kai mai mota ne, mai albashi. Ni keken hawa gare ni. Na bar maka, ba shi ke nan ba?"

"Wallahi ɗan'uwa, motar da kaka tsoro, in ba a tura ta da sahe ba wata rana ba ta tashi. Wata biyu Surayya tana kawo mini hura, ko sau ɗaya ba ta dube ni ba. Kullum idonta na bakin layi, ni kuma na ɗauka kunya ce. Yanzu nig gane wa taka jira."

Sadi ya juya almakashi a hannu.

"Bakin layi taka kallo?"

"Kullum. Ta gabas."

"Ta nan nika zuwa," in ji Sadi, a hankali.

Da yammacin ranar Mas'ud ya raka shi har ƙofar gidan Alhaji Maiwada, Sadi yana tura kekensa, shi yana gefe, don duk mai ido a unguwar ya gani. Ya yi musu sallama da kansa. Da Surayya ta leƙo ta ga wanda ke tsaye, sai ta rufe fuska ta koma da gudu, ana jin dariyarta har waje.

Tun saƙon ranar Alhamis Lailatu ba ta ce masa uffan ba. Yana hanyar komawa ɗaki saƙo ya shigo.

"Direbana, Surayya ta kira ni tana kukan murna. Ka yafe mini, na yanke maka hukunci ban ji ta bakinka ba. Kwanakin nan ko abinci ba na jin daɗinsa."

Ya tsaya a tsakiyar hanya yana rubutu, har wani ɗan kabu-kabu ya zabga masa oda.

"Fitilata, ni ne mai laifi. Ban taɓa son wata ba sai ke, kuma ba zan so ba. In Malam ya hana ni ke, ban san me zan zauna yi a garin nan ba."

"Ba zai hana ba. Na ji yana tambayar Inna wace rana ce ba ta yi kusa da girbi ba."

Sai da aka kai gaisuwar Sadi gidan Alhaji Maiwada aka karɓa, sannan Malam Hamidu ya aika a kira Mas'ud. A gaban ɗalibansa dattawa ya yi maganar.

"Kwana uku kay yi zaune shagon tela saboda mutuncin ɗiyar da ba taka ba. Wanda yay yi haka zai riƙe tawa. Ka turo magabatanka, na ba ka Lailatu."

Mas'ud ya yi godiya. Ya sunkuyar da kai, hawaye suna ɗiga kan tabarma, dattawan suna ta sa albarka.

Bayan girbin shinkafa aka ɗaura aure. Mutanen Birnin Tudu sun zo mota uku, dangin Innar Lailatu suka taso daga Maradun, aka ci aka sha aka yi addu'a. Sadi ne ya ɗinka wa ango babbar rigarsa, ya kuma yi mata aikin da sai da kowa ya tanka.

Washegarin tarewa, da hantsi, baƙi sun ɗan ragu, Lailatu ta kawo masa koko da ƙosai ta zauna a gefensa, lallenta yana sheƙi.

"In hwaɗa maka wani abu, angona?"

"Ina jin ki."

"Ranar da Baba yac ce ka gyara, ina bayan ƙyaure. Na yi alkawari a raina, in ka ƙi zuwa wurin Sadi, ko Baba ya yarda ni ba ni yarda. Kuma na san in haka ta hwaru, ba ni sake son kowa."

Ya ajiye ludayin ya dube ta.

"Ashe da kin bar ni?"

"Da na bar ka, ina kuka. Kullum in na idar da salla sai in ce, ya Allah ka sa shi tahi."

Mas'ud ya kama hannunta ya riƙe da nasa duka biyun, ya daɗe bai saki ba.

"To Allah ya amsa miki," ya ce. "Yanzu ki ɗaga hannu mu roƙi sauran tare."

Suka ɗaga hannuwa, yana roƙon zaman lafiya da zuri'a ta gari da tsufa tare, tana cewa amin, kokon yana hucewa a gabansu ba wanda ya kula.