Wanda Ya Tsaya Bayan Sakinatu

Magariba ta kawo jiki a unguwar Mursal ta Injamena, hayaƙin gawayi ya kwanta a tsakar gida, Goggo Hansatu tana alwala, sai dutse ya faɗo kan kwanon ɗaki. Ƙanenta Idris, mai gidan, bai ko ɗaga kai ba. Yana zaune da hotunan 'yarsa Sakinatu a hannu, waɗanda aka sake dawo masa da su daga ofishin fasfo, ya gaji har ba shi da ƙarfin zagin yaran maƙwabta. Dutse na biyu ya faɗo, na uku kuma daga cikin ɗakin ya fito.

Mijin Sakinatu yana Jidda, ya aiko ta same shi, kuma izinin da ya samo mata yana da wa'adi, in ya wuce ya wuce. Hoto kaɗai ya rage. Na farko a kasuwar Dembe aka ɗauka, gaban labule mai furanni da jirgin sama, ma'aikacin ofishin ya tura shi gefe da ɗan yatsa. Fari ake so a baya, fuska a buɗe daga goshi zuwa haɓa, ba murmushi, ba inuwa. Idris, mutumin da ba ya sayen abin da yake da shi a gida, ya buɗe tsohuwar adakar mahaifinsa ya zaro wani farin ƙyalle, ya kafa a bango, ya kira mai hoto.

Tun daga nan duk hoton da aka wanko sai a ga inuwa bayan kafaɗarta ta hagu, doguwa, a miƙe. Mai hoto ya canja fim, ya canja gefen rana, ya koma rantse-rantse. Ma'aikacin kuwa maganarsa ɗaya ce: mutum ɗaya a hoto.

Bayan jifa sai murya. Kullum rana ta faɗi ana jin wani yana nishi a bayan ƙofa, irin nishin wanda ya daɗe a layi. Sakinatu ta daina ci. Wata yamma aka same ta tsaye jikin bangon nan, hannuwa a gefe, haɓa a ɗage, ido ba ƙiftawa, kamar mai jiran a ɗauke ta. An kira sunanta har murya ta dushe.

Goggo ce ta kalli ƙyallen da kyau, ta dafe ƙirji.

"Idi, haramin Baba ka rataya?"

Malam Buba, mahaifinsu, da ƙafa ya baro ƙasar Kano zai je Makka. Guzuri ya ƙare a bakin kogin Shari, ya tsaya ya ɗan yi sana'a, ya ɗan yi aure, ya ɗan haihu, har ƙasa ta rufe shi. Alhaji ake ce masa don kara. Haramin bai taɓa hawa jikinsa ba.

Aka ɗauko Malam Abdulgani daga unguwar Lamaji, tsoho mai ciwon gwiwa, wanda ba ya ɗaga murya ko ga akuya. Ya zauna gaban yarinyar ya yi ta karatu har duhu ya fara haɗe fuskoki. Can bakinta ya buɗe, muryar wani dattijo ta fito, da Hausar da ba a ƙara jin irinta a Injamena.

"Sassauta, Malam. Ba faɗa na zo ba."

"Wane ne kai?"

"Abokin tafiyar Buba. Tare muka fito."

"Me ka riƙe wa jikarsa?"

"Ranar da zai cika ya ce in tsare haramin nan har jininsa ya kai shi. Na amsa. 'Ya'yansa suka rufe ni a adaka tare da asu. Na gaji, Malam, wallahi na gaji."

Idris ya sunkuyar da kai. Kunya ce ta kama shi fiye da tsoro.

"To me ya kai ka cikin hotonta?" in ji Malam.

Muryar ta dawo a hankali.

"Na ji suna cewa yanzu ba mai ƙetare iyaka sai da hoto. Shi ne na tsaya. Ban yi murmushi ba. Ban motsa ba. Me kuma na yi ba daidai ba?"

Goggo ta fashe da kuka. Malam ya daɗe yana murza gwiwarsa.

"Bawan Allah, muddin kana tsaye a nan, ba mai tafiya, ba ita ba kai. Kaya ba a tambayarsu hoto. Ka koma cikin ƙyallen, a sa a jakarta, mijinta ya ɗaura shi."

"Haka Buba ya yi ta ce mini, sai baɗi."

"Idris," in ji Malam, "da bakinka."

Idris ya matso. "Na yi alkawari. Da hannuna zan sa."

"Kalas, shi ke nan," in ji muryar. Sakinatu ta sulale ƙasa, ta farka tana neman ruwa.

Washegari Idris ya sayi farin yadi sabo a Dembe bai ko taya ba. Hoton ya fito fes, yarinya ramammiya ita kaɗai, ma'aikacin ya buga hatimi bai dube ta ba.

Ranar tafiya Idris ne ya ɗauki ƙaramar jakar zuwa filin jirgi. 'Yan tufafi ne a ciki da harami, amma sai da ya yi ta sauya hannu yana hutawa. A bakin ƙofar da ba a wucewa sai da fasfo ya miƙa wa 'yarsa, ta karɓa da yatsu biyu ta rataya, ta shige.

Da magariba ya zauna a tsakar gida yana sauraron kwanon ɗaki. Ba abin da ya faɗo. Goggo ta ajiye masa shayi, ta ce, "Har shi ya tafi, Idi. Saura mu."