Sharar da Jagora Ya Binne

Rana ta kwanta bayan tuddan rairayi, Jagora ya ɗaure raƙumansa yana wanke ƙafa a tsakar gida. Sana'arsa hawa da baƙi kan tuddai, su ɗauki hoton faɗuwar rana, ya dawo da su. Kowane ayari sai ya yi masa wa'azi: "Mu nan ba ma barin komai sai sawun ƙafa." Har allo ya rataya a ƙofar gida da wannan magana.

Sai ji suka yi ƙwal a kan rufin kwano. Gwangwanin kifi ne mai tsatsa, cike da rairayi. Ya gangaro ya tsaya gaban Inna, mahaifiyarsa.

"Yaran maƙwabta ne," in ji Jagora.

Inna ta juya shi da sandarta. "Yaushe yaran unguwar nan suka fara cin kifin gwangwani?"

Washegari da magariba robobin ruwa suka zubo. Rana ta uku, fasasshiyar kwalba da matattun batura. Iska ba ta kaɗawa, kaji sun yi tsit. Jagora ya gane kowanne, ya ja bakinsa. Sharar da yake karɓa hannun baƙi da sunan zai kai bola a gari, bai taɓa kai ta ba. Gari da nisa, shi kuwa da ganda. Bayan babban tudu yake kewayawa, ya tona, ya binne. Shekara uku cur.

Rana ta huɗu 'yarsa Auta tana kwashe shanya ta zube. Da ta tashi, rairayi na zuba daga kitsonta, ta kafe ubanta da ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

Aka kira Malam. Maƙwabta suka cika gida, wasu na leƙe ta katanga. Malam ya zauna, ya yi ta karatu har muryarsa ta dushe. Can wata murya mai kauri ta fito daga bakin yarinyar.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Me ta yi maka?"

"Ita? Ba komai. Tun kafin kakan kakan ubanta muke tudun nan. Baƙi su hau kanmu, su yi ihu, ba mu ce uffan ba, iska na share sawunsu. Amma ɗakin matata ya mayar bola. Kwalba ta yanke ɗana a ƙafa. Tambaye shi."

Duk ido ya koma kan Jagora. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Da kai ake, mai allo," in ji Inna.

"Gaskiya ne," ya ce, kansa a sunkuye.

Malam ya ce, "Me kake so?"

"Yarinyar ta zauna da mu shekara uku, yadda shararsa ta zauna."

"Ba ka isa ba. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa."

Muryar ta sassauta.

"To, ya tone. Da hannunsa, da rana tsaka, a gaban baƙinsa. A kansa zai ɗauko, raƙumi bai yi laifi ba."

"Gaban baƙi? Malam, abincina fa..."

Inna ta buga sanda a ƙasa. "Abincinka ko 'yarka?"

"Na yarda."

Auta ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki. "Baba, me ya tara mutane?" Ya tashi ya nemo buhu.

Kwana tara yana tono, buhu ashirin da ɗaya. Wasu baƙin suka juya masa baya, wasu suka ɗauki hotonsa da buhu a ka. Wata ta durƙusa za ta taya shi, ya ce, "Bari, baiwar Allah. Nawa ne."

Ran da ya gama, ya miƙa hannu zai cire allon nan.

"Bar shi," in ji Inna. "Yau ne ya fara faɗin gaskiya."