Ranar da Malam Wada Ya Zauna a Aji

Shekara biyu ke nan damina na yi wa garin Tsamaye rowa. Rijiyoyi sun ƙafe, sai famfon makarantar sakandare kaɗai ke kawo ruwa, shi ya sa Saude ɗiyar Malam Wada take bin layi da jarkokinta daf da tagar wani aji. Ta nan ta fara hango Malam Usmanu, sabon malamin tarihi da zaman jama'a, ɗan makiyayan Kurawa, yana zana taswira a allo. Da ya fito wanke hannu, ta ce masa, ko kunya babu, gulbin da ya zana ya fi na gaske ruwa. Ya yi dariya har alli ya suɓuce masa. Kafin mako ya zagayo ya samu lambarta.

Ya rubuto mata: "Saudena, yau tarihin birnin Alƙalawa na koyar, amma rabin hankalina na bakin famfo."

Ta mayar masa: "Malamina, maida shi aji, kada ɗiyan mutane su faɗi jarrabawa saboda ni."

Da maganar aure ta kai gida, Malam Wada bai ƙi ba. Sai Atiku mai shagon caji, wanda ya daɗe yana son Saude ba ta kula shi, ya wuce ta bayan ajin Usmanu ya ji ɗiyan manoma suna ɗaga murya wai manoma sun cinye burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa mashaya. Bai tsaya jin ƙarshe ba, ya kai wa tsoho da zafinta. Shi kuwa Malam Wada, bara da gero ya ƙi, ya ɗan matsa shingensa taku uku cikin burtalin. Sai ya ɗauka da shi ake. Ya rantse ba zai ba mai koya wa yara zagin iyayensu ɗiya ba.

Saude ta yi kuka har idonta ya kumbura, ta rubuta: "Baba ya hana. Mi ka faɗa ma yara?"

"Roƙe shi ya zo ranar Laraba ya ji da kunnensa. In ya ji abin ƙi, za ni haƙura, ko da ba na iyawa."

Malam Wada ya zo ɗin, fuska a ɗaure, ya zauna a bencin baya gwiwoyinsa na tokare tebur. Ashe dabarar Usmanu ce: ɗiyan manoma su kare makiyaya, ɗiyan makiyaya su kare manoma. Atiku rabi kawai ya ji. Wata Fatsuma, jikar Labbo makiyayi, ta miƙe ta bayyana zafin da mutum ke ji in shanu sun shiga geron da iyalinsa za su ci shekara, har tsoho ya tsinci kansa yana gyaɗa kai.

Sai aka zo kan aikin gida. Da ma Malam Usmanu ya ce kowa ya tambayi tsofaffin gidansu yadda aka tsira a babban farin da. Fatsuma ta ce kakanta ya gaya mata a shekarar shanunsa na faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, sai wani manomi ya kwance shingen lambunsa da hannunsa don su kai ga rijiya. Goma sha biyu suka rayu. Sunansa Maliki na Tsamaye, kuma har gobe kakanta na yi masa addu'a.

Maliki mahaifin Malam Wada ne. Da aka tashi aji, Malam Wada ya riga kowa fita.

A bakin ƙofa ya tare Usmanu. "Wa ya ba ka wanga labari?"

"Wallahi Baba, yau na fara jin shi."

"Turo magabatanka."

Saude na bakin famfo lokacin da saƙon Usmanu ya shigo cewa Baba ya yarda. Ta zauna a kan jarka tana hamdala, ruwa na malala ba ta sani ba. Washegari Malam Wada ya maida shingensa baya, taku huɗu ma, ba uku ba.

Bayan kaka aka ɗaura aure, gero kaɗan, albarka mai yawa. Tsoho ya ce Allah ya zaunar da su lafiya, ya ba su zuri'a mai jin magana. Da za a kai amarya Kurawa, ta burtalin nan mota ta bi, suka haɗu da shanun Labbo za su mashaya. Direba ya kashe mota, Saude ta ɗan ɗaga mayafi tana kallo har saniyar ƙarshe ta wuce.