Jan Farcen Tihana

Aikin namu ba wuya. Akwai ƙananan katantanwa da ke manne wa duwatsun bakin teku a wani tsibiri, malaminmu na jami'a yana so mu gano ko suna komawa mazauninsu bayan sun fita kiwo. Sai mu ɗiga musu jan farce a baya don mu gane su.

Ran nan magariba ta same mu, ni da ƙawata Tihana. Sauran ɗalibai sun tafi gasa kifi, ƙamshin har yana iso mu.

"Jasenka, ga wasu a jere!" Ta kwanta rub da ciki, ta zura hannu cikin tsagar dutse. "Farare tas. Huɗu na shafa, saura ɗaya a gefe."

"Ke dai kin cika neman suna. Taso mu tafi."

Sai tsuntsaye suka daina kuka. Wari ya taso, irin na jiƙaƙƙen bargo da aka manta.

"Jasenka," ta ce da raɗa. "Ba katantanwa ba ne."

Na leƙa. Yatsu ne, dogaye, sun yi yaushi. Huɗu da jan farce. Suna riƙe da wuyan hannunta.

Babban yatsan ya ɗago, yana jira.

Ruwan teku yana ta ƙaruwa, har ya taɓa haɓar Tihana.

Tsoro na ji. Amma haushi ya fi yawa. Na fizge kwalbar jan farcen, na ɗaga ta saitin dutse, na daka wa mai hannun tsawa.

"Kwalliya kike so? Sake ta, ko in fasa!"

Hannun ya ja ta. Fuskar Tihana ta nutse, ta ɗago tana tari.

"Wallahi zan fasa! Sake ta, ni zan ƙarasa miki."

Yatsun suka buɗe, ɗaya bayan ɗaya.

Na jawo Tihana da gashi. Hannun ya miƙo gabana, yana ɗigar ruwa.

Na ce, "Ki mutu da yatsa ɗaya fari!" Na rotsa kwalbar, muka zura da gudu.

Tihana ta koma garinsu Zagreb, ko wanka a teku ba ta yi. Ni kuwa na ƙarasa karatuna, aikina ke nan har yau. Duk jirgin ruwan da na shiga, sai na ji ƙwas, ƙwas daga ƙarƙashinsa, bugun yatsa ɗaya. Matuƙa su yi ta duba inji.

Ni dai diddige nake bugawa sau ɗaya, mai hannun ta san na ji, kuma ba zan shafa ba.