Tina a Gilashin Kwalkwali

Sha biyu saura kwata aka bugo waya ofishin 'yan sanda, aka ce an tsinci gawar Mai Kwalkwali a shagonsa. Kafin Insifekta ya iso, Saje ya riga ya yanke hukunci kamar yadda ya saba: ya zaunar da matar mamacin a bayan mota, da ankwa a hannunta.

"Ita ce, Yallaɓai. Maƙwabta sun ji su suna cacar baki da safe, ga kuma fenti a yatsunta. Gobe sai kotu."

Insifekta ya leƙa hannun nata. Fentin baƙi ne. Ya wuce ciki.

Shagon ɗaki ɗaya ne, tagoginsa biyu an liƙe su da leda, warin fenti sai da ya sa shi ƙwalla. Sana'ar mamacin ƙera kwalkwalin roba irin na mayaƙan da, 'yan fim da masu wasan kwaikwayo suna saye. Ga shi nan kwance gefen tebur, ƙeyarsa a fashe.

A kan teburin akwai kwalkwali ɗaya ruwan azurfa, an gama haɗa shi: ƙoƙon kai, marufan kunne biyu, gilashin fuska na roba, da tukku na ƙarfe a sama. Insifekta ya sa safar hannu ya ɗaga, ya ji da nauyi. Ko'ina yana sheƙi, ban da kewayen tukkun, inda fentin ya yi dishi-dishi kuma bai gama bushewa ba. Rabin gilashin ya yi fari, ba a ganin komai ta cikinsa.

Ya sa aka shigo da matar. Siririya ce, tana magana tari yana katse ta.

"Me ya haɗa ku da safe?"

"Taga ce. Na ce a buɗe, ya ce ƙura za ta ɓata fenti. Kullum faɗanmu ke nan. Ina gama shafa baƙin fentin na tafi asibiti. Da na dawo na same shi haka."

"Wa kika bari a shagon?"

"Ba kowa."

Ta faɗa da sauri, idonta a ƙasa. Insifekta ya san ƙarya ce, amma bai matsa ba. Ya tura mata kwalkwalin. Ta dube shi sau ɗaya, sai fuskarta ta canja.

"Wannan ba hannunsa ba ne."

"Yaya aka yi kika sani?"

"Shi kowane sashe daban yake fesawa kafin ya haɗa. Sai an shimfiɗa baƙi ya bushe, sannan azurfa ta hau, shi ne take sheƙi. Nan an goge har baƙin, an fesa azurfa a kan roba tsirara. Gilashin kuwa ƙarshe yake ɗaurawa, kuma ba abin da ke taɓa shi sai ruwa da tsumma. Wannan tina, ruwan narkar da fenti, aka goga masa ta cinye shi. Wa zai sa wa roba tina in ba mai fentin..."

Ta toshe bakinta da hannu. Insifekta ya tausaya mata ƙwarai, don ya ga lokacin da ta gane abin da bakinta ya faɗa.

A waje ya tambayi Saje ko akwai dangi.

"Akwai yayanta, Yallaɓai, mai fentin mota. Tun ɗazu yake tsaye can jikin bango."

Aka shigo da shi. Ƙaton mutum ne, amma ya kasa kallon inda ƙanwarsa take zaune.

"Yaushe rabonka da shagon nan?"

"Na fi wata, Yallaɓai. Ina gareji tun safe. Ni da shi sai gaisuwa."

"To taimaka min, tunda kai ma ɗan sana'a ne."

Insifekta ya ɗauko wani sabon gilashi daga kanta, ya ɗiga masa fenti, ya miƙa masa da tsumma.

"Goge min wannan."

Mutumin bai ko waiga neman komai ba. Hannunsa ya tafi kai tsaye ƙarƙashin tebur, bayan bokiti, ya jawo gwangwanin tina. Ya kama murfin ke nan sai ya tsaya cak. Ya dubi gilashin, ya dubi gwangwanin.

"Zuba mana," in ji Insifekta. "Gilashin mota kullum haka kake yi masa. Me ya hana ka yanzu? Kuma wanda ya fi wata bai shigo ba, wa ya gaya masa inda ake ɓoye tina?"

Mutumin ya sunkuyar da kai.

"Shi ke nan. Saje, mayar da ita mota. Wanda ya fasa kan mutumin nan da tukkun ƙarfe, ya goge jini da tina, ya sake fesawa, in ba kai ba ne, ita za ta amsa."

Gwangwanin ya faɗi ƙasa. Mai fentin mota ya durƙusa.

"Ku ƙyale ta. Likita ya ce in ta ƙara shekara a ɗakin nan huhunta ya gama. Na zo roƙonsa ne ya buɗe taga ko ya sallame ta daga aikin. Ya yi dariya, ya ce ba ya son ƙura a kan azurfarsa. Ya juya min baya yana ɗaura gilashi a wani kwalkwalin. Abin da ke kusa da hannuna na ɗauka. Sau ɗaya ne, wallahi. Da na ga jini a jikin kwalkwalin sai na goge, na fesa, na zaci ba mai ganewa."

Matar ta miƙe a hankali. Ba ta yi kuka ba, kuma hakan ya fi kukan ciwo.

"Yaya, ina fita na gan ka kana shigowa, na rufe bakina don kai. Kai kuwa ka gan ni da ankwa awa biyu, kana tsaye jikin bango."



Saje, wanda kunya ta hana shi haɗa ido da kowa, ya kwance ankwar daga hannunta ya ɗaura a na yayanta, ko sanyi ƙarfen bai yi ba. Aka fita da shi.

Insifekta ya sa kwalkwalin a jakar shaida. Zai fita ke nan ya ji ƙarar yage leda a bayansa. Matar ce ta ɓalle tagar da hannu biyu, iska ta shigo. Ta tsaya a gabanta tana tari, tana kallon motar da ta tafi da yayanta har ta sha kwana.